AIKIN GAYYA NA ZAMANI: INA MATA MA'AIKATA SUKA SHIGA?

Tsakanin ƙarshen shekarar 1949 da farkon 1950, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta shafe makonni tana zama da wata tsohuwa a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, da takarda da alƙalami a hannunta. Sunan tsohuwar nan Baba, asalinta kuwa ƙauyen Karo. Ba ta taɓa taka ƙofar makarantar boko ba, amma Allah ya hore mata ƙwaƙwalwa da iya zance. Ita tana faɗi, Baturiya tana rubutawa da Hausa: zaman rinji da bayi, da yadda mahara kan faɗa wa ƙauye su kwashi mutane, da zuwan Nasara, da aure da saki, da zaman kishiyoyi, da ƙawance, da riƙon 'ya'yan dangi, da suna, da bori. A 1954 aka buga labarin da Turanci a birnin Landan, aka sa masa suna Baba of Karo. Har gobe, duk mai son sanin yadda matan Hausawa suka yi zamansu kafin zuwan Turawa da bayan zuwansu, sai ya nemi littafin nan. Ita Baba ba ta gan shi ba, domin Allah ya yi mata rasuwa a 1951.

To, Baba nawa aka yi a ƙasar Hausa a wancan zamani? Babu garin da ba shi da tasa, babu unguwar da ba ta da tata. Duk sun tafi kushewa da abin da ke cikin kansu. Ita ma da ta tsira, sa'a ce ta tsirar da ita: mijin Baturiyar, watau M. G. Smith, yana binciken ƙasar Zazzau, namiji kuwa iyakarsa zaure, shi ya sa matarsa ta shiga cikin gida. Yau ga jikoki da tattaɓa-kunnen matan wancan zamani sun yi karatu. Suna aikin jinya a Idi-Araba, suna koyarwa a Agege da Sabo ta Badun, suna riƙe da littattafan kuɗi a kantuna da ofisoshi tun daga Ikko har Fatakwal, kowacce da waya a cikin jakarta. Ba su da bukatar jiran wata Baturiya ta zo da alƙalami. Wurin rubutawa kuma yana nan a buɗe dare da rana, ba kuɗin shiga, ba mai gadi a ƙofa.

Wurin nan shi ne Wikipedia, babban kundin ilmi na intanet wanda Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa a Amurka ranar 15 ga Janairu, 2001. Wanda ya taso a karkara ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane yadda yake tafiya, gama aikin gayya ne sak. Babu wanda aka ɗauka aiki domin ya rubuta, babu albashi. Wani ya fara shafi a kan garin Daura, wani ya zo ya ƙara sunayen sarakunanta, wata ta gyara kuskuren shekara, wani kuma ya ɗora hoto. Kowane gyara yana da ranarsa da sunan mai shi a cikin tarihin shafin, in wani ya yi ɓarna sai a mayar da shafi yadda yake a da. Gidauniyar Wikimedia, wadda aka kafa a 2003, ita ke riƙe da na'urorin da kuɗin taimakon jama'a, amma ba ita ke rubutun ba. Da haka sashen Turanci ya haura maƙala miliyan shida. Akwai kuma sashen Hausa, wanda a 'yan shekarun nan ya tashi daga 'yan shafuka ƙalilan ya kai dubun-dubata, bisa ƙoƙarin samari da 'yan mata masu sa kai. Waɗannan sun cancanci yabo, amma gonar ta fi ƙarfin hannuwan da ke cikinta.

Sai dai gayyar nan tana da wani aibi wanda masu ita ba su ɓoye ba. Binciken da Gidauniyar ta yi a 2011 ya nuna cewa a cikin kowane mutum ɗari da ke rubutu da gyara, mata ba su kai goma ba. Kowa kuwa abin da ya sani yake rubutawa, da abin da yake ganin ya isa a rubuta. A 2015, sa'ad da Rosie Stephenson-Goodknight da Roger Bamkin suka kafa ƙungiyar Women in Red domin cike wannan giɓi, tarihin mata a sashen Turanci bai wuce kashi 15 da 'yan kai cikin ɗari na dukkan tarihin mutane ba. An yi kusan shekara goma ana fama kafin a kai shi wajen kashi 20. Abin kunyar da ya fi fitowa fili ya auku a 2018: wata shaihiyar malama 'yar ƙasar Kanada, Donna Strickland, ta ci lambar Nobel ta ilmin fiziya, aka garzaya neman tarihinta a Wikipedia, babu. Ashe watanni kaɗan kafin nan wani ya rubuta, aka ƙi karɓa, wai ba a nuna ta shahara ba. In haka ta faru ga Baturiya mai lambar Nobel, ina ga ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, ko malamar da ta yi shekara talatin tana karantar da matan aure a zaure?

Mai shakka ya gwada da kansa. Ya buɗe sashen Hausa a wayarsa, ya nemi wankan jego, ya nemi adashi, da gara, da yadda ake sarrafa kalwa ta zama daddawa, da sunayen kitso, da kiɗan ƙwarya. Ya duba nawa zai samu, nawa ne kuma daga ciki suka wuce layi biyar, sa'an nan ya gwama da shafukan 'yan ƙwallo da 'yan siyasa. Ba laifin samarin da suka rubuta ƙwallo ba ne. Abin da suka sani suka kawo. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, mai ita kuwa ba ta zo ba tukuna.

Me ya sa aka ware matan da ke zaune a Kurmi da wannan kira? Akwai dalili, kuma ba guda ba.

Mutumin da ke zaune a garinsu ba ya ganin al'adarsa, kamar yadda kifi ba ya ganin ruwa. Wadda ke zaune a Mushin ko Anacha kuwa kullum cikin bayani take. Abokiyar aikinta Bayarabiya ta tambaye ta mene ne lefe, maƙwabciyarta 'yar ƙabilar Ibo ta tambaye ta me ya sa mai jego ke shan kunun kanwa, ɗanta da aka haifa a Ikko ya tambaye ta ma'anar kalmar da kakarsa ta faɗa masa a waya. Shekara da shekaru tana fassara rayuwar Arewa ga waɗanda ba su san ta ba, da Hausa da Turanci, wani lokaci har da Yarabanci. Wannan shi ne ainihin aikin mai rubuta kundin ilmi, watau ya ɗauki abin da ya saba da shi ya shimfiɗa shi dalla-dalla yadda baƙo zai gane. Ta riga ta ƙware ba tare da ta sani ba.

Sa'an nan akwai tarihin zaman Kurmi shi kansa, wanda ba shi da mai rubuta shi in ba mazaunansa ba. An kafa Sabo ta Badun a 1916. Littafin da ya fi shahara a kanta shi ne na wani masani, Abner Cohen, wanda ya fito a 1969, ya yi bayanin fataucin shanu da na goro, da masu gida da dillalai, da yadda ɗarikar Tijjaniyya ta haɗa kan mazauna unguwar. Littafi ne mai daraja, amma ya haura shekara hamsin, da Turanci yake, kuma baƙo ne ya rubuta. Tun daga nan galibi ba a tuna unguwannin 'yan Arewa a manyan jaridu sai ran da jini ya zuba: Shagamu a 1999, Idi-Araba a 2002, Mile 12 a 2016, kasuwar Sasa a 2021. Yaron da aka haifa a ɗaya daga cikin wuraren nan, in ya nemi sunan unguwarsu a intanet, bai kamata abin da zai fara cin karo da shi ya zama lissafin gawarwaki ba. A wuraren nan an yi aure tsakanin ƙabilu, an gina masallatai da majami'u da makarantu, an ciyar da birane da tumatir da albasa da nama shekaru aru-aru. Fataucin goro kaɗai ya isa littafi guda: yadda matan Yarabawa kan ɓare shi su wanke su kai wa fatake, yadda ake zaɓe a ware marsa daga minu, a ƙirga ƙwarya-ƙwarya, a naɗe huhu da ganyen fita, a yi ta duba shi don gudun sankara, da abin da ya sa daushe ke da tsada. Matar da ta tashi a gidan fatauci a Shagamu ko Agege ta san wannan kamar yunwar cikinta. Ran da tsofaffin gidan suka ƙare, rabin kalmomin nan za su bi su.

Daɗin daɗawa, takardun da ake bukata suna kusa da su. Babban gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa yana da reshe a harabar Jami'ar Badun, wani a Inugu, ban da na Kaduna. Ɗakunan karatu na jami'o'in Kudu cike suke da littattafai da kundayen digiri a kan Hausawa waɗanda ƙura ta rufe. Akwai kuma matasan da suka kafa Archivi.ng a Ikko, suna ɗaukar hoton tsofaffin jaridun Nijeriya suna sakawa a intanet domin kowa ya duba.

Amma akwai abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa, ba ta sai-an-samu-sarari ba. Tun Disamba 2013 da Google ya sa Hausa cikin injinsa na fassara, kowa na iya kwafo shafin Turanci ya zuba, cikin ƙiftawar ido ya fito da wani abu mai kama da Hausa. In mai yi ya zauna ya tace, inji bawa ne mai amfani. In kuwa ya kwashe ya manna yadda ya fito, don ya tara yawan shafuka ko ya ci kyautar wata gasa, sai a sami jimlolin da kalmominsu na Hausa ne amma ƙashinsu na Turanci, mace ta koma "shi" a tsakiyar layi, karin maganar Turawa ya fito tsirara ba ma'ana. Masu karanta sashen Hausa sun san irin waɗannan shafuka. Abin tsoron shi ne, manhajojin nan na zamani masu amsa tambaya da rubuta wasiƙa daga rubutun da ke intanet suke koyon harshe, kuma ga harshen da rubutunsa bai yawaita ba kamar Hausa, Wikipedia tana cikin manyan rijiyoyin da suke ɗiba. Inji ya haifi gurɓatacciyar Hausa, wani injin ya sha ta, ya sake haifar wadda ta fi ta lalacewa, yara kuma su ɗauka ita ce daidai. An ga irin haka a wani wuri. A 2020 aka gano cewa wani matashi ɗan Amurka wanda bai iya harshen Scots na ƙasar Sikotilan ba ya rubuta maƙala fiye da 20,000 a sashen wannan harshe, yana ɗauko Turanci yana karkata rubutun kalmomi. Ya yi shekaru yana yi da kyakkyawar niyya, ba wanda ya lura, domin masu harshen ba sa leƙawa.

Wa zai fi cutuwa in haka ta sami Hausa? Ba yaron Kano ba, wanda ke jin harshen a gida da kasuwa da rediyo. Yaron Agege ne, wanda Hausarsa ta riga ta sha Yarabanci da Turancin buroka, wanda in ya so ya koyi ta karatu wayarsa zai tambaya. Saboda haka uwar da ta gyara shafi guda, ɗanta ta yi wa aiki kafin kowa. Shawarar wannan shafi kuwa ita ce, sabuwar shiga kada ta fara da ƙirƙiro sabuwar maƙala. Ta nemi wadda ke nan a kan abin da ta sani, ta karanta da ƙarfi kamar tana karanta wa mahaifiyarta, duk inda harshenta ya yi tuntuɓe ta gyara. Shafi goma da aka wanke sun fi ɗari da aka zuba.

A nan wata za ta ce, duk an ji, amma da wane lokaci? Tambaya ce ta gaskiya, kuma wanda ya raina ta bai san zaman Ikko ba. Macen da ke tashi kafin kiran assalatu ta dafa abin kari, ta shirya yara, ta yi awa biyu cikin danfo a cunkoson Oshodi, ta yini a tsaye, ta komo ta tarar da tukunya na jiranta, ga wuta an ɗauke, ba ta bukatar wani ya zo ya ɗora mata sabon kaya da sunan kishin harshe. Masu bincike sun daɗe da gane cewa ƙarancin lokacin hutu yana cikin abin da ke hana mata shiga irin wannan aiki a ko'ina cikin duniya. Ba za a ce mata ta rage barci ba. Abin da za a ce shi ne, aikin nan yana yankuwa ƙanana-ƙanana. Gyaran jimla guda minti biyu ne, ana yinsa a waya, a cikin mota ko a layin banki. Kuma in za a faɗi gaskiya, akwai sa'o'in da ke tafiya a zaurukan WhatsApp wajen tura saƙon da ba a san asalinsa ba, har da na magungunan da ba likitan da ya san su. Ma'aikaciyar jinyar da ke ɓata rabin awa tana gardama da 'yan'uwa a kan wani saƙon ƙarya game da allurar rigakafi, gobe sai ta sake, domin saƙo ya nutse. Da ta rubuta bayanin sau ɗaya a inda zai zauna, da madogararsa, da sai dai ta riƙa tura adireshin.

Fannin lafiya ma ya isa a dakata a kansa. Jijjigar masu ciki, da yoyon fitsari, da amosanin jini, da zubar jini bayan haihuwa, abubuwa ne da ke kashe mata ko su nakasa su, kuma bayaninsu da Hausa mai kyau yana da wuyar samu. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka yi rubutu a kan ciwon zuciyar da kan kama mata bayan haihuwa, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya bisa gadon wuta. Wa ya fi dacewa ya shimfiɗa wannan da Hausa, ba da zagin al'ada ba, ba kuma da ɓoye abin da likitoci suka gani ba, in ba macen da ta yi karatun jinya kuma ita ma aka yi mata wankan ba?

Wata kuma za ta ce, aikin da ba biya, ai bauta ce. Lalle babu albashi, kuma duk wanda ya yi wa mace alkawarin za ta yi arziki da Wikipedia yaudararta yake yi. Gidauniyar takan ba ƙungiyoyi tallafin shirya taron horo, akan kuma yi gasa mai 'yar kyauta, iyakarta ke nan. Karɓar kuɗin wani a ɓoye don a rubuta masa shafin yabo ma laifi ne a dokokin wurin tun 2014. Amma matan ƙasar nan ba yau suka fara aikin ilmi ba da lada ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta naɗa jajis, ta ɗora musu malfa, suka riƙa bin ƙauyuka suna karantar da mata, aka kira su 'Yan Taru. Ba a ji an yanka musu albashi ba. Malamai kuma sun karantar cewa ilmin da ake amfana da shi yana cikin abubuwan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Ban da wannan, akwai ribar duniya da ba a ƙirga ta da naira: hannu ya faɗa da rubutu, mutum ya koyi bin diddigin magana kafin ya yarda da ita, ya iya fassara. Wata masaniyar fiziya a Landan, Jess Wade, tana aikinta na jami'a, da dare take zama ta rubuta tarihin mata masana kimiyya, tun daga 2017 har ta haura dubu.

Maganar da ba a cika faɗinta a fili ba ita ce ta maigida da ta mutunci. Akwai mazan da in sun ga matarsu ta duƙufa a kan waya sai zuciya ta raya musu wani abu, akwai kuma matan da ke gudun sunansu ya yi yawo a bainar jama'a. Ya kamata a sani cewa Wikipedia ba dandalin hira ba ce. Ba a bukatar hoto, ba a bukatar sunan gaskiya. Mace na iya zaɓen laƙabin da ko maƙwabciyarta ba za ta gane ba, kuma hakan ya fi. Duk abin da ta rubuta a fili yake, maigida na iya karantawa, in ya ga kuskure ma ya gyara. Ba za a ɓoye ba, akwai masu tsaurin baki a cikin masu gyara, akwai masu goge aikin sabon shiga ba tare da ko sannu ba, kuma mata da dama a ƙasashe daban-daban sun bar aikin saboda haka. Maganinsa kada mace ta shiga ita kaɗai. Su uku ko huɗu, wannan ta rubuta, waccan ta duba, in an goge su tambayi dalili tare.

Dalilin gogewa kuwa sau da yawa guda ne, watau rashin madogara. Dokar wurin ita ce, ba a rubuta abu don kawai mutum ya san gaskiya ne, sai an nuna littafi ko jarida ko mujallar da ta faɗa. A nan ne gizo ke saƙa, domin yawancin ilmin mata a ka yake, ba a takarda ba, kuma dokar da aka yi don tsare gaskiya sai ta zama katangar da ke tare al'ummar da ba a rubuta ta da yawa ba. Wannan ƙorafi ne na gaskiya, kuma ba daga waje za a yi shi a ji ba, sai daga ciki. Kafin nan, abin da ke da madogara ma ba a gama shi ba. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU, wadda ta sha ɗauri a kan 'yancin mata tun kafin matan Arewa su jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa a 1979. Ladi Kwali mai ginin tukwane, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Hafsatu Abdulwaheed mai So Aljannar Duniya na 1980. Balaraba Ramat Yakubu. Bilkisu Yusuf 'yar jarida, wadda ta rasu a turmutsitsin Mina a 2015. Barmani Choge mai amada. Duk an yi rubutu a kansu. A duba shafukansu na Hausa, a ga wanda ke bukatar ƙari, wanda ke bukatar wanki. Bayansu akwai ɗaruruwan malamai da likitoci da alƙalai da 'yan kasuwa mata da sunayensu ke kwance cikin tsofaffin jaridu.

Wadda rubutu bai dame ta ba, akwai nata. Ma'ajiyar hotuna ta Wikimedia Commons tana karɓar hoton da mutum ya ɗauka da hannunsa: faifan waina, ƙwaryar fura, buhunan albasa suna sauka a Mile 12, muddin an nemi izinin wanda fuskarsa ta fito. Gasar hotuna ta Wiki Loves Africa da aka fara a 2014 ma da abinci ta buɗe. Shirin Common Voice na Mozilla yana tara muryoyin masu karanta gajerun jimloli, har da na Hausa, domin na'urori su koyi jin magana. In muryoyin maza kaɗai suka ji, ran da tsohuwa ta yi wa waya magana ba za ta gane ta ba.

Tun da jaridar nan ta jam'iyya ce, wajibi ne a faɗi wata magana ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Wikipedia ba filin yaƙin neman zaɓe ba ce. Duk wadda ta shiga don ta wanke ɗan takararta ko ta shafa wa na hamayya baƙin fenti, za a gane, za a goge, a ƙarshe a rufe mata ƙofa, ta kuma jawo wa sauran zargi. Haka nan ba a rubuta tarihin kai, ko na miji, ko na wurin da ake aiki. Abin da reshen mata na jam'iyya zai yi, in da gaske yake, shi ne ya ba da ɗaki da kujeru da janareta da kuɗin data, sa'an nan ya ja bakinsa daga abin da za a rubuta. Jam'iyyar da ke cewa tana son ilmin mata, ga wurin gwadawa wanda bai kai kuɗin ankon taro guda ba.

Haka kuma fadojin Sarakunan Hausawa na Agege da Sabo da Shagamu da sauran garuruwa, da makarantun Islamiyya na matan aure, da rassan FOMWAN wadda aka kafa a Minna a 1985, da ƙungiyoyin Zumuntar Mata na majami'un da ake wa'azi da Hausa. Dukkansu suna da wurin zama, suna da ranar taro. Ba sai an ƙirƙiro sabuwar ƙungiya da shugaba da ma'aji da rigimar kuɗi ba. Masu horarwa suna nan: akwai ƙungiyar masu aikin Wikimedia ta Nijeriya, akwai ta masu Hausa, akwai shirin Wiki Loves Women da ya fara aiki a Nijeriya da Ghana da Kamaru da Kwaddibuwa tun 2016, akwai kuma WikiGap da ma'aikatar harkokin wajen Suwidin ta ɓullo da shi a 2018, wanda akan yi a kusa da Ranar Mata ta Duniya, 8 ga Maris. Wasiƙa guda ta isa a gayyato su.

Saura maza. Gayya ba ta yiwuwa sai wani ya tsare gida. Magidancin da ya yarda matarsa ta fita aiki tun asuba domin a haɗu a biya kuɗin haya, bai kamata awa biyu na yammacin Asabar ɗaya a wata su gagare shi ba. Ya riƙe yara, ko ya kai su gidan ɗan'uwa. Ita kuma ta tafi da wayarta cike da caji, da littafi guda ko yankin tsohuwar jarida a kan abin da za ta rubuta. In akwai tsohuwa a gidan wadda ta san sunayen goro ko waƙoƙin daka, a tafi da ita, a ba ta kujera a gaba, domin in an yi saɓani a kan kalma ita za a tambaya.